Wayar fis ta mota: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen wadda ta dace bayan ta ƙone

Wayar fis guntuwa ce, sau da yawa ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsunsa ba, amma ita ke tsakanin batir da gobara. Yawancin ɓarnar da ake yi wajen sauya ta daga abu biyu take: a zaɓi kauri da ido, ko a saka sabuwa ba a nemo abin da ya ƙona tsohuwar ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu mota da masu koyon wayarin suka fi yi.

Mece ce wayar fis, kuma me ya raba ta da ƙananan fis na cikin akwati?

Guntuwar waya ce ta jan ƙarfe da aka sa da gangan ta fi wayar da ke bayanta siranta. Idan wuta ta yi yawa, ita ce ke fara zafi ta narke, hanya ta yanke kafin sauran wayarin ya kama. An naɗe ta da roba ta musamman mai kauri wadda ba ta saurin kamawa da wuta, don narkakken ƙarfen da tartsatsinsa su tsaya a ciki. A jikin robar ko a kwalinta za ka ga an rubuta FUSIBLE LINK, kuma ƙa'idar ƙera ta ita ce SAE J156, ta ƙungiyar injiniyoyin mota mai suna SAE.

Bambancinta da ƙaramin fis shi ne haƙuri. Ƙaramin fis yana yankewa cikin ƙiftawar ido idan wuta ta ninka. Wayar fis kuwa tana jure hauhawar wuta ta ɗan lokaci, irin wadda ake samu idan fankar inji ta tashi ko altaneta ta fara cika batirin da ya yi sanyi. Ba ta narkewa sai nauyin ya daɗe ko waya ta taɓa bodi kai tsaye. Aikinta kare manyan wayoyin da ke kai wuta akwatin fis, wato sashen da babu wani fis a gabansa.

A ina zan neme ta?

Kusa da tushen wuta. Duba bayan kan batir mai alamar +, da babban notin da ke kan kik, da wayar da ke fita daga bayan altaneta. A wasu motocin uku ko huɗu ne suke haɗuwa a zobe guda. Babbar wayar da ke kai wuta kik ita kanta ba a saba sa mata ba, domin kik yana jan ɗaruruwan amfiya yayin tayar da inji.

Robar tana nan kalau. Yaya zan san ta ƙone?

Haka aka yi ta: ta ƙone a ciki, waje ya rage. Kama gefe biyu ka ja a hankali. Idan ta miƙe kamar roba zalla, ƙarfen ciki ya tsinke. Wani lokaci za ka ga robar ta kumbura, ta yi ƙuraje, ko ta taurare tana warin ƙuna.

Mitar auna wuta ta fi hannu gaskiya. Sa ta a ma'aunin volt, baƙar wayarta a bodi, ka taɓa kowane gefe da jar. Idan ɓangaren batir ya nuna wajen 12.6 amma ɗayan babu komai, ta yanke. Kada ka huda robar da allura, ka gwada a wurin haɗi, domin huda tana shigar da ruwa.

Akwai tarko a gwajin da mita ke yin ƙara don nuna cewa waya ba ta tsinke ba. Sili guda da ya rage cikin wayar ya isa mita ta yi ƙara, har ta nuna volt 12 idan babu abin da ke kunne. Da ka kunna fitila sai wutar ta ɓace. Saboda haka gwajin da ba ya ruɗi shi ne a kunna fitilun gaba da fanka, a ɗora wayoyin mita biyu a kan gefe biyu na wayar fis ɗin. Mai lafiya ba ta cin fiye da volt 0.1 zuwa 0.2. Abin da ya haura haka sosai yana nufin silinta sun tsittsinke ko wurin haɗi ya yi tsatsa.

Wane kauri zan saya?

Amsa mafi inganci tana cikin zanen wayarin na motarka, ko a jikin tsohuwar idan rubutun bai ƙone ba. Abin da kamfani ya sa shi za ka mayar.

Idan babu ko ɗaya, akwai ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita: wayar fis takan fi wayar da take karewa siranta da lamba huɗu a ma'aunin geji na Amurka. A wannan ma'auni, lamba na ƙaruwa waya na sirancewa, don haka ƙara huɗu za ka yi a kan lambar wayar. Ga yadda abin yake, tare da kwatankwacinsa a murabba'in milimita:

- Waya geji 8, wato 8.0 mm², wayar fis geji 12, wato 3.0 mm²
- Waya geji 10, wato 5.0 mm², wayar fis geji 14, wato 2.0 mm²
- Waya geji 12, wato 3.0 mm², wayar fis geji 16, wato 1.0 mm²
- Waya geji 14, wato 2.0 mm², wayar fis geji 18, wato 0.8 mm²
- Waya geji 16, wato 1.0 mm², wayar fis geji 20, wato 0.5 mm²

Tazarar lamba huɗu tana bar wa wayar fis kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfen da ke cikin babbar wayar. Wannan ragin ne ke tabbatar da cewa ita za ta riga narkewa, kuma bai kai ya sa ta riƙa zafi a aikin yau da kullum ba. Idan ka rage tazarar zuwa lamba biyu, babbar wayar za ta gasu har robarta ta zube kafin wayar fis ta yanke. Idan ka kai ta shida, za ta ƙone ranar da ka kunna fitila da esi da goge gilashi lokaci guda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna kauri daga waje. Robar wayar fis tana da kauri ƙwarai, har mai geji 14 takan yi kama da waya geji 10 a ido. Ƙarfen ake aunawa, ba riga ba. Feɗe ɗan gefen babbar wayar, ka ƙirga silin, ka auna kaurin guda ɗaya. Ninka kaurin da kansa, ka ninka da 0.785, sannan da yawan silin. Misali, sili 19 masu kaurin milimita 0.36 suna ba da kusan 1.9, wato waya ce ta 2.0 mm², kuma wayar fis ɗinta 0.8 mm² ce.

Abu ɗaya kuma: idan wayar ta rabu a gaba zuwa wasu masu siranta kuma babu fis a mararrabar, mafi sirantar cikinsu ce ke cikin haɗari, da ita za ka yi lissafi.

Na ga lamba 14 a jikin ɗan tambarin robar da ke manne da ita. Amfiya 14 ke nan?

A'a, geji ne. Idan kuma ka ga 0.8 ko 2.0, murabba'in milimita ne. Wayar fis ba ta da lambar amfiya tsayayya kamar fis, domin lokacin da take narkewa ya danganta da tsawonta da zafin wurin da take da kuma daɗewar nauyin. Wanda ya ɗauki 14 a matsayin amfiya ya sa fis na 15 a wurin, zai tarar yana yankewa tun kafin mota ta bar inda take.

Ba zan iya bin launi kawai ba?

Launi yana taimako ne a cikin kamfani guda kawai. A tsofaffin motocin Japan an saba ganin kore a kan 0.5 mm², ja a kan 0.85, baƙi a kan 1.25. Kamfanonin Amurka kowanne da nasa tsarin, har akwai inda launi ɗaya ke maimaituwa a kauri biyu daban. Masu ƙera kayan da ke maye gurbin na kamfani ma ba su bin tsari guda. Ƙari a kan haka, shekaru da zafin inji suna dushe launi har ja ya koma ruwan ƙasa. Karanta lamba tukuna, launi ya zama shaida ta biyu.

Tsawo yana da tasiri?

Yana da shi, kuma mutane suna raina shi. Yanke sabuwar daidai tsawon tsohuwar, kuma kada ta wuce inci 9, wato kusan santimita 23. Kakkaurar wayar da ke gefe biyu tana zuƙe zafi daga bakinta. Idan ta yi gajarta sosai, zafin yana tserewa ta gefe, sai ta ƙi narkewa a kan lokaci. Idan ta yi tsawo, tana cin wuta tana ɗumama a banza, kuma ranar da za ta ƙone wurin ƙunar zai yi faɗi. Idan tsohuwar ta cinye har ba a gane tsawonta, santimita 15 zuwa 20 ma'auni ne mai kyau. Inda wayar motar ta gaza saboda yanka, ƙara ta da waya mai kaurinta, kada ka cike giɓin da wayar fis.

Idan na sami waya ta gama-gari mai kauri ɗaya, ba shi ke nan ba?

Ƙarfen zai narke kusan lokaci guda, amma matsalar tana ga robar. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085 na ma'aunin Salsiyas. Robar PVC da ke kan waya ta gama-gari an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 105 ba. Tun kafin ƙarfen ya yanke ta zube, ta bar waya ja wur tsirara kusa da batir da tiyon fetur. Robar wayar fis, wadda aka fi sani da sunan Hypalon, tana riƙe siffarta har ƙarfen ya gama narkewa a ciki.

Mafi muni shi ne a ɗaure wurin da waya mai kauri don mota ta tashi. Matsalar da ta ƙona wayar fis tana nan, sai dai yanzu babu abin da zai yanke. Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta taɓa bodi, kuma wayarin gaba ɗaya ne zai zama fis, har wanda ke bayan dashbod.

Me ke ƙona ta tun farko, kuma yaya zan gano shi?

Sanadin da aka fi gani: waya ta goge a gefen ƙarfe har ta feɗe, ko ta kwanta a kan salansa, ko sifana ta haɗa notin bayan altaneta da bodi alhali ba a cire batir ba, ko dayod ɗin cikin altaneta, wato ƙananan abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sun lalace, ko an ƙara wani kaya mai jan wuta a layin.

Hanya mafi sauƙi ta nema ita ce ƙwan fitilar gaba. Cire kan batir mai alamar −, ka yanke ƙonanniyar, ka jona ƙwai mai wat 55 tsakanin bakin biyu. Kashe komai, cire makulli, rufe ƙofofi, sannan ka mayar da kan batir. Ƙwan ba ya barin fiye da amfiya 4 zuwa 5 su wuce, don haka babu abin da zai ƙone. Idan ya haska sosai ya tsaya a haka, wayar tana taɓa bodi har yanzu. Fara da cire babbar wayar bayan altaneta, ka naɗe bakinta. Idan ƙwan ya mutu, altaneta ce. Idan bai mutu ba, ka riƙa zare fis da rile ɗaya bayan ɗaya. Idan ka zare duka yana nan da haske, laifin yana jikin wayar da ke tsakanin batir da akwatin fis.

Idan kuma bai haska ba tun farko, kada ka yi murna tukuna. Girgiza damin wayoyin da hannu, musamman inda suka ratsa bangon da ke raba inji da cikin mota, da ƙarƙashin mazaunin batir, kana kallon ƙwan. Taɓawar da ke zuwa tana tafiya sai da girgiza take bayyana.

An jona mini batir a juye, yanzu komai ya mutu. Ita ce?

Kusan kullum ita ce, ko babban fis na altaneta. Dayod ɗin altaneta suna tare wutar batir idan an jona daidai. Idan aka juya, sai su zama buɗaɗɗiyar hanya zuwa bodi, wuta mai yawa ta kwarara nan take. Bayan ka sauya, tayar da injin ka auna kan batir: ya kamata ka ga tsakanin volt 13.5 da 14.7. Idan ya tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ma ta tafi. Duba ƙananan fis na rediyo da na kwamfutar inji, su ma sukan yanke a irin wannan.

Yaya ake saka sabuwar?

Cire kan batir mai alamar − kafin komai. Yanke tsohuwar gaba ɗaya har da wurin haɗinta, ka ci gaba da yanke babbar wayar har ka iske ƙarfe mai sheƙi. Wanda ya yi baƙi ko kore ba ya kama haɗi. Feɗe kimanin milimita 10 zuwa 12 a kowane baki, ka kula kada ka yanke ko sili ɗaya na wayar fis, domin kowane sili da ya tafi ya rage mata ƙarfi.

Zura robar nan mai tsukewa da zafi kafin ka haɗa, kuma ka nemi mai gam a ciki. Yi amfani da bututun haɗi na ƙarfe mai baki biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Idan babu sai mai baki ɗaya, feɗe wayar fis ninki biyu ka lanƙwasa bakinta don ta cika ramin. Matse da filayar da aka yi don wannan aiki, sannan ka ja da ƙarfi ka gani ko za ta zame.

Game da dalma, ra'ayinmu shi ne matsa ce ginshiƙi, dalma ƙari ce. Haɗin da dalma kaɗai ke riƙe da shi yana iya sakewa idan wurin ya yi zafi, domin dalma tana narkewa a wajen digiri 200. Idan za ka sa, ka sa kaɗan a bakin bututun bayan ka matse. Kada ka bari ta bi silin ta hau cikin wayar fis, domin tana taurara ta, girgizar inji ta karya ta a daidai inda dalmar ta tsaya. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba haɗi ba ne a layin da ke ɗaukar amfiya 60.

Rufe wuraren haɗi biyu kawai. Jikin wayar fis a bar shi a fili, kada a cusa shi cikin damin wayoyi, kada ya jingina da tiyon fetur ko na birki. Kuma ba a sa ta a cikin ɗakin mota, domin tana hayaƙi idan ta ƙone.

Na sa daidai kauri, amma bayan makonni ta sake ƙonewa.

Dubi inda ta ƙone. Idan a tsakiya ne, wuta ce ta yi yawa, a koma neman taɓawa. Idan a baki ne dab da haɗi, haɗin ne bai matsu ba. Lissafin a bayyane yake: haɗin da ke da turjiyar om 0.01 kacal, idan amfiya 60 suka bi ta cikinsa, yana fitar da zafin wat 36 a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Wayar fis ɗin kanta, mai geji 14 da tsawon santimita 15, ba ta fitar da ko wat 5 a wannan nauyin. Noti mai sako-sako a kan kik ko tsatsa a ƙarƙashin zobe suna yin irin wannan ɓarnar. Batirin da ya mutu a ciki shi ma yana sa altaneta ta yi ta tura cikakken ƙarfinta ba hutu.

Wayar fis biyu na gani gefe da gefe a layin altaneta, ɗaya ce ta ƙone.

Sauya duka biyun, da kauri ɗaya da tsawo ɗaya. Raba nauyi suke yi, kuma wadda ta rage ta riga ta sha zafi.

Motata ba ta da irin wannan waya, sai wasu manyan fis masu tagar gilashi.

Su ne suka maye gurbinta a yawancin motocin zamani, kuma littattafan wasu kamfanoni har yanzu da tsohon sunan suke kiransu. Waɗannan suna da lambar amfiya a rubuce, don haka zaɓinsu ya fi sauƙi: lamba ɗaya, siffa ɗaya. A nau'in PAL da JCASE, ruwan hoda 30 ne, kore 40, ja 50, ruwan ɗorawa 60. A nau'in MAXI kuwa kore 30 ne, ruwan lemo 40, shuɗi 60. Ka ga kore a nan da kore a can ba ɗaya ba ne. JCASE yana da dogo da gajere, PAL kuma yana da na sokawa da na ɗaurewa da noti.

Babban fis na altaneta, mai amfiya 100 ko 120 a motocin Toyota da yawa, da noti aka ɗaure shi ta ƙarƙashin akwatin. Kada ka finciko shi da filaya, za ka fasa akwatin. Sai an kwance akwatin an ɓalle gindinsa. Wasu motocin, irin Nissan da Honda da dama, suna haɗa fis da yawa a faranti guda, wani a kan batir wani a cikin akwati. Idan ɗaya ya yanke, farantin duka ake sauyawa, kuma a gwada lambobin kowane reshe da na tsohon, domin faranti biyu sukan yi kama alhali lambobinsu sun bambanta.

Zan iya cire wayar fis in sa fis a madadinta?

Za ka iya, kuma sau da yawa ya fi sauƙin dubawa da sauyawa. Sharaɗin shi ne ya zama mai jinkirin yankewa, irin MAXI ko MIDI ko MEGA, a cikin mazauni mai murfi da ba ya shan ruwa, dab da batir. MIDI yana ɗaurewa da noti M5, MEGA da M8. Lambar ta haura abin da layin ke ja a kullum da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma kada ta wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Auna abin da layin ke ja da mitar da ake maƙala wa waya don auna amfiya, alhali komai na kunne, kada ka yi ƙiyasi. Idan lambar da nauyin ke buƙata ta fi ƙarfin wayar, wayar ce za a sauya.

Na sa altaneta mai ƙarfi da na'urar ƙara sauti. In ƙara kaurin wayar fis?

Ba ita kaɗai ba. Idan altaneta ta tashi daga amfiya 70 zuwa 130, wayar cajin da kamfani ya sa ta yi kaɗan, kuma kaurara wayar fis a kanta cire mata kariya ne. Ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, ka sa mata nata fis a ɓangaren batir, ka kuma kaurara wayar da ke haɗa inji da bodi da kan batir mai alamar −. Na'urar sauti ta sami layinta daban daga batir, fis ɗinta kuma kada ya yi nisa da kan batir fiye da santimita 45, gwargwadon kusancinsa gwargwadon amincinsa.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki fa?

Ɓangarensu na volt 12 yana bin duk abin da aka faɗa a sama. Wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa suna ɗauke da ɗaruruwan volt, fis ɗinsu daban ne, kuma ba a taɓa su sai wanda ya sami horo a kansu. Haka ma kan batirin wasu motocin Jamus, irin BMW, yana ɗauke da abin da ke tsinke babbar waya idan an yi hatsari. Idan ya tashi, sabo ake sakawa, ba a ɗaure shi da waya.